Intabiyu: Abin da ya kamata mai neman aiki ko gurbin karatu ya sani kafin ya zauna gaban kwamiti

Intabiyu, ko ganawar tantancewa kamar yadda wasu ke kiranta, zama ne tsakanin mai neman aiki ko gurbin karatu da wakilan wurin da yake nema, domin su ji daga bakinsa abin da takardunsa ba za su iya faɗa musu ba. Galibi ita ce matakin ƙarshe, bayan an tace takardu, an kuma yi jarrabawar rubutu ko ta kwamfuta. Ba kasafai take kai awa guda ba, amma a cikin wannan ɗan lokaci ne ake auna karatun shekara huɗu ko biyar a yanke hukunci.

Masana harkar ɗaukar ma'aikata na lissafa iya zaman intabiyu cikin ƙwarewar da ke sa mutum ya samu aiki, tare da iya rubuta takardar nema, da iya hulɗa da jama'a, da kiyaye lokaci. Ma'ana dai abu ne da ake koyo, ba baiwa ba ce da ake haihuwar wasu da ita. Sai dai ba a cika koyar da shi a aji ba, don haka ɗalibai da dama ba sa sanin yadda abin yake sai ranar da suka tsinci kansu a kan kujera ɗaya tilo, mutum biyar na fuskantar su da biro a hannu.

A birnin Gombe, da dama daga cikin irin wannan zama a unguwar GRA ake yin su. Asalin unguwannin GRA a Arewa shi ne keɓantattun wuraren da Turawan mulkin mallaka suka ware wa jami'ansu, nesa da cikin gari. Ta Gombe ta bunƙasa sosai bayan da aka ƙirƙiro jihar daga tsohuwar Jihar Bauchi a ranar 1 ga Oktoba, 1996, har ta kai yau ana maganar Tsohuwar GRA da Sabuwar GRA. A nan ake samun ofisoshin ƙungiyoyi masu zaman kansu, da makarantu da asibitocin kuɗi, da otal-otal waɗanda ake hayar ɗakunan taronsu idan za a tantance masu neman aiki. Gombe ce kaɗai jihar da ke iyaka da dukkan sauran jihohi biyar na Arewa maso Gabas, wato Bauchi da Yobe da Borno da Adamawa da Taraba, kuma tun bayan ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009 ta zama matattarar jama'a da 'yan kasuwa da ma'aikatan agaji. Wanda aka kira intabiyu a GRA, ba da 'yan Jekadafari da Pantami da Tudun Wada kaɗai zai yi gasa ba. Zai iya tarar da na Biu da na Potiskum da na Numan a kan benci ɗaya.

Masu fitowa daga makarantu kuma kullum ƙaruwa suke. Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha da ke Gombe na nan tun 1977, Jami'ar Jihar Gombe tun 2004, Jami'ar Tarayya ta Kashere tun 2011. Manyan wuraren da ke ɗaukar ma'aikata kuwa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi 11, Asibitin Koyarwa na Tarayya, jami'o'in kansu, bankuna, da kamfanin siminti na Ashaka a ƙaramar hukumar Funakaye. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100 a watanni ukun ƙarshe na 2020. A 2023 hukumar ta sauya hanyar lissafi, ta yadda duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa guda a mako ana ƙirga shi cikin masu aiki, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1 a farkon 2023. Alƙaluman sun sauya, layin masu neman aikin albashi bai ragu ba.

Abin da kwamiti ke aunawa

Intabiyu iri biyu ce. Akwai wadda ake yi kamar hira, kowane ɗan kwamiti ya tambayi abin da ya zo masa a rai, a ƙarshe a ce wane ya burge. Akwai kuma tsararriya, wadda ake rubuta tambayoyinta tun kafin a zauna, a yi wa kowane mai nema iri ɗaya, a ba shi maki bisa ma'aunin da aka riga aka amince da shi.

An daɗe ana nazarin wacce ta fi nuna wanda zai iya aiki. A 1998 masana biyu na Amurka, Frank Schmidt da John Hunter, sun tattara binciken shekara 85 kan hanyoyin zaɓar ma'aikata. A ma'aunin da 1 ke nufin hasashe ya dace ɗari bisa ɗari, sun ba tsararriyar intabiyu 0.51, marar tsari kuma 0.38. A 2022 Paul Sackett da abokan aikinsa sun sake lissafin, suka rage alƙaluman zuwa 0.42 da 0.19, amma suka sanya tsararriyar intabiyu a kan gaba cikin hanyoyin da suka auna. Wannan ne ya sa manyan kamfanoni da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa suka karkata gare ta.

Amfanin sanin wannan ga mai nema shi ne, a tsararriyar intabiyu kowane ɗan kwamiti na da takarda a gabansa mai ɗauke da abubuwan da ake nema, kuma abubuwan nan ba ɓoyayyu ba ne. Suna cikin sanarwar aikin. Idan sanarwa ta ce ana son mai iya tattara bayanai a karkara, mai iya rubuta rahoto, mai jin harshen yankin, to tambayoyin ba za su yi nisa da waɗannan uku ba. Wanda ya zauna da sanarwar, ya bi ta layi-layi, ya rubuta a gefen kowane sharaɗi wani abu da ya taɓa yi wanda ke nuna ya cika shi, ya gama rabin shiri. Abin mamaki shi ne yawan masu zuwa intabiyu waɗanda rabonsu da sanarwar tun ranar da suka tura takarda.

Kunya da yabon kai

A nan ne ɗan Arewa ya fi shan wahala, kuma ba don rashin ilimi ba.

Yaron da ya tashi a gidan Hausawa an hore shi da kada ya kalli babba cikin ido, kada ya ɗaga murya a gabansa, kada ya faɗi alherin kansa, domin yabon kai jahilci ne. A gidan Fulani, waɗanda ke da yawa a Gombe, tarbiyyar pulaaku ta ƙara ƙarfafa wannan da semteende, wato kunya, da munyal, wato haƙuri da danne abin da ke rai. Waɗannan ɗabi'u ne masu daraja, su ne ake yaba yaro da su a gaban surukai. Amma ɗakin intabiyu na neman kusan akasinsu: a ɗaga kai, a yi magana a ji, a faɗi abin da aka iya. 'Yan kwamitin da kansu wataƙila da irin wannan tarbiyya suka tashi, kuma sun gane dalilin sunkuyar da kan. Takardar makin da ke gabansu ce ba ta da gurbin kunya.

Mafita ba ita ce mutum ya koyi cika baki ba. Kwamitin da ya san aikinsa ba ya ba da maki don wani ya ce shi mai ƙwazo ne, mai gaskiya, mai son aiki, domin duk wanda ya shigo haka zai ce. Abin da ake ba wa maki shi ne hujja, kuma hujja labari ce, ba yabo ba. Wanda ya ba da labarin abin da ya faru bai yabi kansa ba, shaida ya bayar.

Tsarin da aka fi koyarwa na ba da irin wannan labari, wanda ake yi wa laƙabi da STAR a Turance, gaɓoɓi huɗu gare shi: halin da aka shiga, nauyin da ya hau kan mutum, matakin da ya ɗauka, da abin da ya biyo baya. A ɗauki misalin mai neman aikin koyarwa da aka tambaya yadda zai tafiyar da aji mai cunkoso. Amsa mai rauni ita ce ya ce yana da haƙuri kuma yana son yara. Amsa mai ƙarfi ita ce ya ce lokacin da yake hidimar ƙasa an ba shi aji mai ɗalibai sama da 80, littafin lissafi bai kai 20 ba. Sai ya raba su rukuni-rukuni, ya ɗora wanda ya fi ganewa a kan kowane rukuni, ya riƙa yin ƙaramar jarrabawa duk Alhamis. Zuwa ƙarshen zango waɗanda suka ci lissafi sun ƙaru daga kaza zuwa kaza. Babu kalmar yabo ko ɗaya a ciki, amma kowane ɗan kwamiti ya samu abin rubutawa.

Akwai kuma maganar “mu” da “ni”. Kunya kan sa mutum ya ce “mun yi”, “mun shirya”, ko da shi kaɗai ya yi aikin. Kwamiti kuwa ba ƙungiyar zai ɗauka ba, don haka tambayar da ke biyo baya ita ce: kai me ka yi a ciki? Gara mutum ya rarrabe tun farko, ya faɗi abin da aka yi tare, sannan ya faɗi nasa kason.

Labarai biyar ko shida irin wannan sun isa yawancin intabiyu: lokacin da mutum ya warware matsala, lokacin da ya samu saɓani da abokin aiki, lokacin da ya jagoranci wasu, lokacin da abu ya ƙi ya koyi darasi, lokacin da ya yi aiki cikin ƙurarren lokaci. Ba dole su fito daga ofis ba. Matasa da dama na jin kunyar shekarun da suka yi bayan hidimar ƙasa ba tare da aikin albashi ba, sai su ce ba sa yin komai, alhali ɗaya na riƙe da shagon POS a Babbar Kasuwa, wata na ɗinki tana da yara uku da ke koyo a ƙarƙashinta, wani na noman masara da wake a Kwami, wani na koyarwa a Islamiyya. Wanda ya riƙe kuɗin jama'a shekara biyu lissafi bai taɓa ɓata ba yana da abin gaya wa banki. Faɗin “ba na komai” asarar maki ce kawai.

Ba a haddace labaran kalma-kalma, domin tambaya ɗaya ta ba-zata kan warware hadda. Amma ana faɗinsu da baki, a bayyane, sau da yawa, a gaban wani da zai iya katse mutum ya ce bai gane ba. Abin da ke da tsari a cikin kai sau da yawa kan watse idan ya zo fita ta baki, musamman da Turanci. Ɗaukar murya a waya a sake saurare yana nuna wa mutum inda yake ja da inda yake haɗiye kalmomi.

Tambayar farko kusan kullum ita ce mutum ya gabatar da kansa. Ba tarihin zuri'a ake nema ba, ba kuma jerin makarantu tun daga firamare ba. Minti biyu sun isa: abin da ya karanta, abin da ya yi da karatun, da dalilin da ya kawo shi wannan wuri. Idan kuma aka yi tambayar da bai san amsarta ba, faɗin hakan tare da bayyana yadda zai nemo amsar ya fi kame-kame. A cikin kwamiti galibi akwai wanda fanninsa ne, kuma shi ne ya yi tambayar.

Takardu

Mutane da yawa ba a ɗakin intabiyu suke faɗuwa ba, a teburin da ke bakin ƙofa suke faɗuwa, inda ake duba takardu. Waɗanda aka saba nema su ne sakamakon WAEC ko NECO, takardar digiri ko difloma ko NCE, takardar kammala hidimar ƙasa ko ta ɗauke nauyinta, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, lambar NIN, da ƙananan hotuna. Masu sana'o'in da ke da majalisar kula da su na bukatar lasisi mai rai: malami daga TRCN, ma'aikacin jinya da ungozoma daga majalisarsu, likita daga MDCN, injiniya daga COREN. Ana zuwa da na asali, da kwafi fiye da ɗaya, a jere yadda sanarwa ta lissafa su.

Matsalar da ta fi damun 'yan Arewa ita ce saɓanin suna. Takarda ɗaya ta ce Muhammad, wata Mohammed, wata Muhammadu. A firamare an rubuta yaro da sunan garinsu, Dukku ko Kumo ko Deba, a sakandare da sunan mahaifi, a jami'a da na kaka. Mace ta yi aure ta koma amfani da sunan miji. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne, amma jami'in tantancewa takarda yake gani. Gyaran ba shi da wuya, takardar rantsuwa ce a kotu da sanarwa a jarida, sai gyara a ofishin NIMC idan lambar NIN ta shafa. Lokaci ne yake ci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Rage shekaru da takardar jabu sun fi wannan haɗari nesa ba kusa ba. Shekarar gama firamare kan tona rage shekaru cikin daƙiƙa. Takardar jabu kuwa ba ta tsufa. A watan Satumba na 2018 Ministar Kuɗi ta lokacin, Kemi Adeosun, ta ajiye muƙaminta kan takardar ɗauke hidimar ƙasa, tana mai cewa ba ta san takardar ba ta gaskiya ba ce. Dokar NYSC, hukumar da aka kafa a 1973, ta ɗauke hidimar ga wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya kammala karatu, amma hukumar ce ke ba da takardar, ba wani a bayan fage ba.

Harshe, sutura da gaisuwa

Da Turanci ake yin yawancin intabiyu, kuma Turanci mai sauƙi da ake ganewa ya fi manyan kalmomin da mai faɗinsu bai mallake su ba. Babu laifi a nemi a maimaita tambaya. Amma kada mai nema ya raina harsunan gida. Ga aikin lafiya ko noma ko wayar da kai a karkarar Gombe, jin Fulatanci ko Tangale ko Tera ko Waja ko Bolanci a kan Hausa ƙwarewa ce da ta cancanci shiga takardar CV, a kuma ambace ta a gaban kwamiti.

Sutura ba ta bukatar dogon bayani. Kaftani da hula masu tsafta da guga sun wadatar a yawancin ofisoshin Gombe, haka atamfa ko abaya da mayafi ko hijabi. Bankuna sun fi son kwat. Babbar riga da turare mai ƙarfi na ɗaurin aure ne.

Gaisuwa gajera ce, ba a tambayar gida da iyali da gajiya. Ba a tsugunawa, ɗan rusunawa ya isa, kuma ba a zama sai an ba da izini. Wanda ba ya musabaha da wani jinsi ya ɗora hannu a ƙirji da sakin fuska, wannan sanannen abu ne kuma ba ya rage maki. Kallon fuskar mai tambaya yayin amsa ba rashin ladabi ba ne a wannan ɗaki. Ƙura ido ne ba a so.

Game da lokaci, titunan GRA sun yi kama da juna, gidaje da dama ba su da allon suna, kuma ba kowane mai Keke NAPEP ne ya san ofis da sunansa ba. Zuwa a gano wurin kwana ɗaya kafin ranar ya fi dogaro da kwatance. Wanda zai taso daga Bajoga ko Kaltungo, in da hali, ya kwana a gari. Sau da yawa akan kira mutum 40 ƙarfe tara na safe, na ƙarshe ya shiga bayan la'asar, don haka karin kumallo da ruwan sha na cikin shiri.

Intabiyu ta intanet

Tun bayan annobar korona a 2020, ƙungiyoyi da kamfanoni da dama sun koma yin zagayen farko ta Zoom ko Microsoft Teams ko Google Meet. Wannan ya rage kuɗin mota zuwa Abuja, amma ya ɗora wa mai nema nauyin wuta da sabis. A watan Afrilu na 2024 ɓarayi sun lalata turakun babban layin lantarki na Jos zuwa Gombe, yankin ya shafe makonni cikin ƙarancin wuta. Wanda ke da intabiyu ya caja waya da kwamfuta tun daren jiya, ya tanadi layi biyu na kamfanoni daban-daban, ya gwada manhajar da wani kafin ranar, ya zauna inda haske ke fuskantar sa ba bayansa ba, ya kuma sanar da mutanen gida.

Sai lissafin agogo. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris Najeriya na gaban Landan da awa guda. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon ɗaya ne. Wanda bai duba wannan ba zai iya shiga ya tarar an tashi.

Gurbin karatu da tallafi

Intabiyun karatu ta ɗan bambanta, domin ba abin da mutum ya iya kaɗai ake aunawa ba, har da ko zai jure karatun ya kuma yi amfani da shi. Kwalejojin jinya da ungozoma na yin ta. Makarantar Horas da Hafsoshin Soja ta NDA da ke Kaduna na da kwamitin zaɓe na musamman bayan jarrabawa, wanda ke haɗawa da gwajin lafiya da ƙarfin jiki, haka ma Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil. Mai neman digiri na biyu ko na uku kuwa za a tambaye shi kan binciken da yake son yi: wace tambaya yake son amsawa, wa ya riga shi, ta wace hanya zai bi, a ina zai samo bayanai. Wanda wani ya rubuta wa takardar shawarar bincike a nan asirinsa ke tonuwa.

Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda aka fara a 1983, misali ne na tsararriyar intabiyu. Yana neman gogewar aiki ta shekara biyu, kimanin awa 2,800, yana kuma sharɗanta komawa gida na aƙalla shekara biyu bayan karatu. Tambayoyinsa na zagaye jagoranci, da ƙulla dangantakar aiki, da dalilin zaɓar kwas ɗin, da shirin mutum bayan dawowa, wato abubuwan da ya riga ya rubuta a takardar nema. Asusun PTDF na Gwamnatin Tarayya ma kan gana da masu neman tallafinsa kafin zaɓe. A irin wannan zama, cewa “ina son in taimaki ƙasata” ba ta ɗaga gira. Wanda ya ce yana son karanta harkar noman rani ne saboda abin da ya gani a gonakin da ke ƙasan madatsar ruwa ta Dadin Kowa, ya kuma faɗi abin da ya gani, ya fi kusa.

Hanya, kuɗi da 'yan damfara

Ba a kammala maganar intabiyu a Najeriya ba tare da ambaton “hanya” ba. Matasa da yawa sun yi imani cewa an riga an raba guraben kafin a kira kowa, kuma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Zargin ba a banza yake ba: a 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin wucin gadi ƙarƙashin Yusuf Gagdi domin binciken sayar da guraben aiki a ma'aikatu da hukumomin tarayya. A ƙa'ida kuwa, sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya wajabta raba daidai a muƙaman tarayya, kuma ƙa'idojin Hukumar Raba Daidai, FCC, sun tanadi kowace jiha ta samu tsakanin kashi 2.5 zuwa 3 cikin 100 na ma'aikatan hukuma, a kuma tallata gurabe a jaridu biyu na ƙasa na tsawon mako shida. Ma'anar wannan ita ce, a aikin tarayya ɗan Gombe da 'yan jiharsa ya fi yin gasa. Kuma ko a inda hanya ke aiki, makarantar kuɗi da asibiti da kamfani da ƙungiyar da ke ba mai tallafa mata rahoto ba sa iya cika ofis da waɗanda ba su iya aiki ba.

Doka ta ba wasu masu nema kariya ta musamman. Dokar hana nuna wa masu bukata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta bukaci hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Dokar 2014 ta hana wariya kan cutar HIV ta haramta mayar da gwajin cutar sharaɗin ɗaukar aiki.

Aikin gaskiya ba a sayen sa. A ranar 15 ga Maris, 2014, sama da mutum 500,000 da kowannensu ya biya naira 1,000 sun cika filayen wasa a faɗin ƙasar domin jarrabawar Hukumar Shige da Fice, kan guraben da ba su kai 5,000 ba, aƙalla mutum 16 suka mutu a turmutsutsu. Yau hukumomin tarayya kan jaddada a sanarwarsu cewa nema kyauta ne, kuma shafukan gwamnati na ƙarewa da .gov.ng. Saƙon waya da ke kiran mutum intabiyun aikin da bai nema ba, ko ke neman kuɗin fom ko na “ajiye gurbi” a asusun wani mutum, na 'yan damfara ne. Wani lokaci abin ya wuce kuɗi. A watan Afrilu na 2021 an yaudari wata matashiya da ta kammala Jami'ar Uyo da sunan intabiyu aka kashe ta a Jihar Akwa Ibom, kotu ta yanke wa wanda ya aikata hukuncin kisa a 2022. Duk wanda aka kira, musamman mace, ya tabbatar ofis ne sananne, cikin lokacin aiki, ya kuma bar adireshin a gida.

Albashi da abin da ke biyo baya

A aikin gwamnati ba a cinikin albashi, domin yana bisa mataki. Mai digiri na farko galibi a mataki na 08 yake farawa. A wurare masu zaman kansu ana iya tambayar mutum nawa yake so, kuma ya kamata ya zo da adadi a ransa bayan ya bincika abin da ake biya a irin aikin. Amsar “duk abin da kuka ga ya dace” ladabi ce a gida, a nan kuwa rangwame ce da ba a roƙa ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024.

Idan aka ce ko yana da tambaya, ya yi ɗaya ko biyu kan aikin kansa: wa zai riƙa ba wa rahoto, me ake son ya cimma a watannin farko, yaushe za a ji sakamako. Da ya fito, ya rubuta tambayoyin da aka yi masa tun bai manta ba, da inda ya yi tuntuɓe, domin yawancinsu za su sake dawowa a wani ɗakin. Idan lokacin da aka ɗiba ya wuce shiru, saƙo ɗaya na tuntuɓa ya isa.

Wanda ya dace kuma kada ya ajiye abin da ke hannunsa sai ya riƙe takardar ɗauka a rubuce, mai ɗauke da muƙami da albashi da tsawon lokacin gwaji. Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikacin da dokar ta shafa sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. A aikin Gwamnatin Tarayya kuwa lokacin gwaji shekara biyu ne kafin a tabbatar da ma'aikaci.